Barkono a Kan Kabarin Ɗanlami

Tun da aka ja katanga a bayan ɗakina, safiya ta canja murya. Ni mai zaman gida ce, duniyata daga bakin murhu zuwa ƙofar zaure take, kunne ne ke yi mini yawo. A da, ina sallame sallar asuba zan ji tsintsiya a kan siminti, shar, shar, sai ƙarar faranti an aje, sai wata ta kori akuya da zagi, wata ta amsa mata cewa ta bar baiwar Allah, ai akuyar ta fi mijinta kunya. Yanzu in na kasa kunne ta wannan gefen ba abin da nake ji sai ciyawa tana gogar juna. Ta ɗaya gefen kuma 'yan kabu-kabu ne da injin niƙa. Kwanan baya wata amarya da aka kawo unguwar nan ta tambaye ni ko filin wani mai hali ne ya kewaye ya manta da shi. Na ce mata makabarta ce. Ta ce innalillahi, ta gyara mayafi, ta koma zancen tsadar manja.

Makabartar 'yan Mishan ce. Ba ta 'yan Fada ba, wato Katolika, su wurinsu daban yake. Waɗannan su ne masu limamin da ke aure, masu waƙa da Hausa ranar Lahadi. Ban ga farkonta ba, a bakin manya na ji. Sun ce zamanin da Kwara take kogi mai gudu, ba wannan tafkin da ya kwanta kamar mara lafiya ba, jiragen kamfani na hawowa Yelwa ɗaukar kaya, sai zazzaɓi ya kashe wata Baturiya, matar mai wa'azi. Aka rasa inda za a sa ta, aka ba su wani tudun marmara a bayan gari wanda ko gero ba ya yi. Ita ce ta fari, nata ne babban kabarin tsakiya da aka kewaye da ƙarfe. Daga nan sai akawunan kamfani, Yarbawa da Nufawa da Ibo, sai wani direban jirgi, sai Kambari da Dukkawan da suka bi mishan. Gari ya yi ta tafiya har ya iske su, ya raɓe su ya wuce. Lokacin da na yi wayo, bayan gidanmu da kabarin farko bai fi jifa da tsakuwa ba.

Mu namu matattun ƙasa ake tara musu, a sa ƙaya, damina biyu ta wuce wuri ya shafe. Su kuwa siminti suke zubawa, shimfiɗaɗɗe, sumul, ga faɗi. A duk unguwarmu a lokacin babu gidan da ke da daɓen siminti ko na tafin hannu. To ina mace za ta ga wuri irin wannan, rana na dukansa tun hantsi, ba yashi ba kashin kaji, ta bar shi? Shanya aka fara yi a kai. Barkono, kuɓewa, kuka, daddawa, shinkafar da aka turara. Inna ta ce da farko a ɓoye ake yi, har ranar da tsohon malamin mishan, wanda ke buga musu ƙarfen taro, ya iske mata sun baje kaya. Suka watse da gudu suka bar faifansu. Shi kuwa ya tsaya yana kallo, ya ga duk kabarin da ke da shanya an share shi, an tuge ciyawar gefensa, na sauran kuwa sai ka sa sanda kafin ka sa ƙafa. Ya aika aka kira su, ya ce su yi, amma da sharaɗi: wadda ta yi shanya ita za ta yi nome, ba a zama a kai, ba a shanya kifi, ranar Lahadi kuma kada a ga ko ƙwayar barkono. Matan suka ƙara nasu sharaɗin da shi bai ce ba: ba a shanya a kan wanda kika taɓa gaisawa da shi yana da rai. Wannan kunya ce, kowa ya san ta.

Haka kowace mace ta samu nata. Ba mai iya karanta abin da aka rubuta a kai, da sunan shanya muka san su. Akwai Mai Kuɓewa, akwai Mai Daddawa wanda ba yarinyar da ke son a aike ta wurinsa, akwai Dogo da ke cin shinkafa ƙwarya guda da rabi. Har gado ake yi, uwa ta bar wa ɗiya, kuma na ga an daina gaisawa wata guda a kan Dogo. Mu 'yan mata aikinmu tsaro. Mu zauna ƙarƙashin tsamiya muna 'yar carafke, ido ɗaya na kan akuya, ɗaya na gabas. Da hadari ya haɗo za ka ji unguwa ta ɗauka, shanya, shanya, mata na fitowa da zane a hannu, wata ta kwashe na maƙwabciyarta kafin nata. Ban taɓa jin tsoron wurin ba. Inna takan ce mai rai shi ne abin tsoro, na kwance ko kara bai iya ɗaga maka.

Akwai wata Bakambara daga wajen Ngaski, Saratu, gidansu na gangare da namu. Ita 'yar mishan ce, tana wanki a ɗakin shan maganinsu, mijinta kafinta ne, shi ke yi musu benci da akwatin gawa, ya kuma toshe wa su Baba jirgi in ya fara yoyo. Ita da Inna ƙawa suke ce wa juna. Da ta haihu Inna ce ta yi mata ruwan wanka, ta wanke jaririn, ta sa masa Ɗanlami don ranar Alhamis ya zo. Yana da wani sunan na cocinsu, amma ba wanda ya riƙe, har uwar tasa ma Ɗanlami take kiransa. Da ta koma wanki ni aka ba goyonsa. Yaro ne mai nauyi, mai zafin jiki, in ya yi barci sai ya manna kunci a tsakiyar bayana, in ji yawunsa na bin ƙashin bayana. Ya fara tsayuwa da bango kenan ƙyanda ta shigo gari. Ta ɗauki yara da yawa shekarar, namu da nasu, ba ta tambayi kowa ranar ibadarsa ba. Uban da kansa ya yi akwatin, ya zuba simintin, ɗan ƙarami, bai fi faifai biyu ba, kusa da tsamiyarmu. Ya sa ƙusa ya yi rubutu tun simintin bai bushe ba. Ba wadda ta ko kalli wurin da niyyar shanya. In za mu wuce ma sai mu kewaye.

Ana cikin haka maganar ruwa ta taso. Aka ce an tare Kwara can ƙasa, ruwa zai hau, gungu-gungu, ƙauyukan tsibiran cikin kogi, za su nutse, a tashi. Mutane na dariya, wai wa ya taɓa ɗaure kogi. Amma aka zo aka shafa fenti a jikin itatuwa, aka ce iyakar nan zai kawo, gidan su Saratu kuwa yana ƙasa da fentin, haka ɗakin shan maganin. Mishan za ta kwashe kayanta, mijin Saratu zai bi aikin can ƙasar Gwari. Wata safiya Inna na turara shinkafa, ina hura mata wuta, sai ga Saratu ta yi sallama da faifai a kai, cike da jan barkonon bayan ɗakinta. Ta aje, ta zauna a kan turmi, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Can ta ce tafiya ta tabbata, kuma ta zo roƙo.

“Ƙawa, ki riƙa shanya bisa Ɗanlami.”

Inna ta tsaya da muciya a hannu. “Mi kinka ce? Yaron da na wanke da hannuna? In zuba mai barkono bisa kai?”

“Na duba wurin nan da kyau, ƙawa,” in ji Saratu. “Wanda anka ji kunyatai, in danginai sun tashi haki ka cinye shi. Wanda anka raina shi ad da tsabta, ana zuwa wurinai sahe da marece. Ba ni son a ji kunyar ɗana. Ki raina min shi.”

Inna ta aje muciya. Ta ce sai ta ji ta bakin Baba, ina jin don ta samu mai hana ta ne. Baba ya dawo daga ruwa, yana gyaran komar kamun kifi a zaure, ta faɗa masa. Bai ɗaga kai ba. Ya tambaya ko an ce ta yi wata ibada a wurin, ta ce a'a, shara ce da shanya. Ya ce to amana ba ta tambayar alƙiblar mai ita, in ta karɓa ta riƙe, in ba za ta iya ba ta faɗa tun matar ba ta hau mota ba. Inna ta karɓa. Ranar da suka tafi ba a yi wani kuka ba, an ɗora benci da tukwane a bayan motar katako, Saratu ta hau ta zauna ta ba makabartar baya, ba ta waiwaya ba har suka sha kwana.

Washegari da hantsi Inna ta ɗauki faifan barkonon, na bi ta da tsintsiya. Matan unguwa duk suka tsaya da abin da suke yi. Ta share, ta tuge 'yar ciyawar da ta fara leƙowa, ta durƙusa, ta ɗebo barkono a hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ta daɗe a haka, sannan ta mayar cikin faifan, ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta ce, “Ke kinka goya shi. Ya saba da ke.” Ta tashi ta yi gida. Na juye barkonon, na baza da tafin hannu kamar yadda nake yi a kan kowanne. Ina jiran in ji wani abu, ban ji ba. Wata tsohuwa ta ce Allah ya ba mu ikon riƙe amana, aka ce amin, tsintsiyoyi suka ci gaba. Sai da marece da na je kwashewa, na share barkonon da gefen hannu, na dafa simintin zan tashi. Ya sha rana ya ɗauki ɗumi, daidai irin ɗumin da ke zama a bayana in an sauke shi. Na bar hannuna a wurin har aka kira magariba. Ko a lokacin ban yi kuka ba. Na dai san daga ranar wannan wurin nawa ne.

Ruwa ya zo kamar yadda aka ce. Bai zo da ƙara ba, shi ya fi ba ni mamaki. Kullum dai ka tashi ka ga ya ci wani abu, yau turken awaki, gobe bakin rijiya, jibi ƙofar ɗakin Saratu. Rurin kogi da muka saba barci da shi ya ɗauke. Ƙarfen taron mishan ma ya daina kaɗawa, waɗanda suka rage suka gina sabon coci can bakin kwalta, suka samu sabon wurin binne nasu. Na ƙarshe da aka kawo nan shi ne tsohon malamin da ya yi mana sharaɗi. Daga shi aka rufe, ba da ƙofa ba, da rashin zuwa. Amma mu ba mu daina kwashe shanya ranar Lahadi ba, har bayan da babu mai dubawa. Sau ɗaya tak saƙon Saratu ya iso, ta bakin wata mai sarin busasshen kifi. Ba ta aiko da gaisuwa mai tsawo ba, cewa ta yi a tambayi ƙawarta ko ana shanya. Inna ta ce a ce mata ana yi. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarta ba, ko tana raye ko ta riga mu, Allah masani.

Aurena bai kai ni nesa ba, darni ɗaya ne tsakanin gidanmu da na mijina, shi ne wannan ɗakin da nake ciki. Na haihu, wasu suka tsaya, biyu suka koma. Inna ta rasu, Baba ya rasu, maigidan ma ya bi su. Duk maza ne suka ɗauka suka fita da su, mu mata iyakarmu zaure. Har yau ban san inda ko ɗayansu yake kwance ba, in na tambaya sai a ce can gabas da kuka, kukar ma an sare ta. Ban ce ba daidai ba ne, haka addini ya koya mana, addu'a kuma tana isa ba sai da jagora ba. Ina dai faɗin yadda abin yake ne: a duk duniya kabari ɗaya na taɓa dafawa da hannuna, na ɗan Saratu. Ranar da aka fita da ƙaramar ɗiyata, da gida ya watse, na tuna na bar barkono a waje. Na je na kwashe. Mata suka yi ta magana wai zuciyata dutse ce. Wataƙila gaskiyarsu.

Sannu a hankali wurin ya fara zubewa. Leda ta zo, tamfol ya zo, kowa ya samu daɓe a tsakar gida, masu shinkafa kuma suka koma gefen kwalta suna shanya mota na watsa musu ƙasa. Yaran yanzu ba mai zaman tsaron akuya. Wasu masu wa'azi suka ce bai dace matan Musulmi su riƙa shiga can ba, mazan wasu suka hana. Tsofaffin da muka saba suka yi ta raguwa, Mai Kuɓewa ya rasa mai shi, Dogo ma da aka yi gaba a kansa ya zama wurin kwanan karnuka. Masu buga bulo suka ci gefen yamma, wani bakanike ya jingina matattun babura a kan direban jirgi, aka wayi gari ƙarfen da ke kewaye da Baturiya ya yi ƙafa. Muka rage mu 'yan kaɗan, masu ciwon gwiwa. Ni dai ko ba ni da abin shanya sai in nemo, ko ɗan kuka ne ko ɓawon lemo, don kada in je hannu sake a ce tsohuwa ta fara zama da matattu.

Sai ga wani dattijo ya yi sallama, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, daga Kontagora. Ya ce kakansa na kwance a nan. Ya zo da goro, ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta ce mini Hajiya, ni da ko Birnin Kebbi sau ɗaya aka taɓa kai ni, shi ma asibiti. Ya ce su jikokin waɗanda ke wurin sun haɗa kai za su ja katanga, in ba haka ba nan da 'yan shekaru shaguna za a gina a kan iyayensu. Gaskiya ya faɗa, na gani da idona. Ya yi godiya, ya ce ya ji labarin abin da matan unguwar nan suka yi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce amma shanyar a haƙura haka nan, yaransu sun gani a hoto ransu ya ɓaci, sun ce wulaƙanci ne. Na kai shi gindin tsamiya na nuna masa. Ya sa tabarau, ya durƙusa yana shafa simintin yana neman rubutu. Babu. Tsintsiyata ta cinye shi tuntuni, ni ban ma lura ba, tun da ba karantawa nake ba. Na ba shi labarin Saratu tun daga faifan barkono.

“Malam,” na ce, “uwar da bakinta ta ce a raina mata shi. Ku ba ni makulli, ni ɗaya. Lahadi ba ni shiga.”

“Hajiya, da nawa ne ni kaɗai, wallahi da na ba ki,” ya ce. “Amma in na buɗe wa ɗaya, gobe mai bulo zai ce shi ma. Ki huta, kin yi naki. Mu za mu riƙa zuwa duk ƙarshen damina mu yi nome.”

Aka ja katanga, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, makulli ya tafi Kontagora a aljihunsa. Shekarar farko sun zo, mota guda, da fartanya da waƙa, na ji muryoyinsu ta bango. Ta biyu aka ce dattijon ba shi da lafiya. Ta uku ba wanda ya ce komai. Ciyawa ta yi abin da ba mu taɓa barin ta ta yi ba, ta tashi har kanta ya leƙo ta saman katanga, damina ta wuce ta bushe a tsaye, wata ta fito a ƙarƙashinta.

Ranin da ya wuce, da azahar, ina zaune a tsakar gida ina cire wa barkono hanci, sai na ji ƙamshin hayaƙi, na kuma ji wuta na cin kara ta bayan ɗaki. An ce masu farautar gafiya ne suka jefa ta ta saman bango, an ce guntun taba ne, ban bi ba'asi ba. Maza suka fito da bokiti, suka iske ƙofa a kulle, suka tsaya suna jiƙa dangar maƙwabta. Ban san siminti na fashewa a wuta ba sai ranar. Ya fara daga yamma, tau, kamar bindigar maharba. Matar ɗana ta zo tana jan hannuna in matsa daga jikin bango, na ce ta bar ni. Na san wurin kowa, da kunne nake bin su. Wannan Mai Daddawa ne. Wannan mai nauyin na tsakiya, Baturiya ce. Dogo sai da ya yi sau biyu. Wutar ta yi gabas, ta nufi tsamiya, na aje barkonon na kasa kunne. Can na ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙas, kamar an taka kasko. Zai iya zama reshe ne. Zai iya zama kwalba.

Matar ɗana ta ce, “Inna, lafiya? Mi kinka ji?”

Na ce mata ban sani ba, kuma ba ƙofar da zan bi in duba. Na jira in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina, na ba shi lokaci. Toka ta fara sauka a tsakar gida, baƙa, a hankali, tana faɗawa cikin faifan. Na ce ta miƙo mini wani faifan in rufe, kada ta ɓata mana cefanen miya.